Amalanke: Gyaran Lodi Ya Fi Dukan Jaki

Ya kai ɗan'uwa manomi na ƙasar Yekuwa. Ga gero a ɗaure, ga gyaɗa a buhu, ga rake a kwari yana jiran kasuwa. Wannan ne lokacin da amalanke ba ya hutawa: yau Magarya, gobe Dungas, ran Alhamis Maigatari. Wannan kuma shi ne lokacin da ake yawan ganin amalanke a kife a gefen hanya, jaki da gyambo a baya, sa da kumburin wuya.

Tun shekarun 1970, lokacin da aikin raya karkara na 3M, wato Mirya da Magarya da Matamaye, ya yaɗa noma da shanu, amalanke mai ƙafafun roba ya shiga ƙauyukanmu. Masana'antar UCOMA ta Damagaram ta ƙera da yawa, daga baya masu walda na gida suka koya. To, an koyi ƙira, amma ba kowa ya koyi lodi ba. Sau da yawa laifin ba na dabba ba ne, ba kuma na maƙeri ba. Laifin yana wurin da ka ajiye buhu.

Amalanke sikeli ne

Dubi amalankenka da kyau. Ƙafafunsa biyu ne, sandar ƙarfe guda ta haɗa su, ita ake kira aksil. Duk abin da ka ɗora gaban wannan sanda yana danna dabba. Duk abin da ka ɗora bayanta yana ɗaga dabba.

In kaya suka yi yawa a baya, sandunan ja za su tashi sama. Igiyar ciki ta shaƙe jaki, ƙafafunsa su kasa kama ƙasa. In shanu ne, karkiya ta koma ta tokare maƙogwaro. In kuwa kaya suka yi yawa a gaba, dabba ta zama tana ja tana dako lokaci guda, daga nan sai gyambo.

Abin da ake so shi ne nauyi ya zauna bisa aksil, ya ɗan rinjaya gaba kaɗan. Ga yadda za ka gane. Bayan ka gama lodi, kafin ka ɗaura dabba, kama sandar ja ka ɗaga ta daidai tsawon bayan jakin. In ta fizge hannunka zuwa sama, matso da buhu guda gaba. In sai ka yi nishi kafin ta tashi, mayar da buhu guda baya. In ka riƙe ta da hannu ɗaya kana jin ɗan nauyi, to lodi ya yi. Kada ka manta, kai ma kaya ne. In ka zauna can gaba, ka ɓata awon da ka yi.

Mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama

Buhun gero mai tiya 40 ya kai kilo 100. Amalanken jaki an yi shi ne don kamar buhu 5 a hanya mai tauri, na shanu biyu kamar buhu 10. Amma hanyoyinmu rairayi ne. A rairayi rage, ko da za ka yi sawu biyu.

Shimfiɗa buhuna a kwance, dama da hagu daidai wa daida. Harawa da kara su hau sama. Ka ɗaure da igiya ta yadda ba abin da zai zame, domin buhun da ya gangara baya a kan hanya shi ke ɗaga jaki. Kaya masu tsawo suna da wata illa: in kana hawan tudu nauyinsu yakan koma baya, in kana gangara ya dawo gaba, in ƙafa ɗaya ta faɗa rami sai kifewa. Saboda gangara, sa wa jaki igiya mai faɗi ta zagaye cinyoyinsa ta baya, a ɗaure ta ga sandunan ja, don kada amalanke ya bi shi ya buge masa ƙafafu.

Mai ɗaukar ruwa ya lura. Ganga mai lita 200 nauyin ruwanta kilo 200 ne. Cika ta fal, ka tokare ta da itace gaba da baya. Ganga rabi ta fi cikakkiya haɗari, don ruwan yana kai da komowa yana fizgar dabba.

Ƙafafu da iska

Tayoyi biyu su zama girma ɗaya, iskarsu ɗaya. In ɗaya ta fi ɗaya taushi, amalanke zai riƙa karkata, dabba tana ja a kaikaice. A rairayi rage iska kaɗan, taya ta baje, ba za ta nutse ba. In za ka hau kwalta da kaya masu nauyi, ƙara iska.

Kowane mako ɗaga amalanke bisa dutse ko kututture, ka kama ƙafa ka girgiza. In tana wasa, boris ya saki ko ya cinye. A ɗaure shi, a wanke, a sa sabon giris, domin rairayi da ya shiga giris yana cin ƙarfe kamar zarto. Duba kusoshin da suka riƙe aksil. Aksil da ya karkace yakan sa amalanke ya yi tafiyar kaguwa, taya kuma ta cinye gefe guda.

In maras lafiya ka ɗauka

A ƙauyukan da mota ba ta shiga, amalanke ne ke kai mai naƙuda asibiti. Yawancin amalankenmu ba su da sifirin, kuma amalanke marar kaya ya fi tsalle. To, shimfiɗa kara ko buhunan ƙaiƙayi, ka ɗora katifa ko tabarma. A kwantar da maras lafiya tsakiya, ɗan gaba da aksil, domin can baya girgiza ta fi yawa. Rage iskar tayoyi kaɗan, ka bi da dabba a hankali. In za ka sa wa amalanke sifirin na tsohuwar mota, ka ce mai walda ya cire wasu ganyayen ƙarfen. Wanda aka yi don babbar mota ba ya lanƙwasawa ƙarƙashin ɗan kaya.

Ga masu ɗaura kura a bayan babur

Samari da yawa yanzu babur ke ja musu kura. Ƙa'idar ita ce dai, sai dai gudu yana ƙara haɗari. Masu jan tirela a ƙasashen duniya suna barin kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyi ya sauka a mahaɗi: kura da kayanta kilo 200, mahaɗi ya ɗauki kilo 20. In nauyi ya koma baya, da gudu ya ƙaru kura za ta fara kaɗa gindi, hagu da dama, har ta kayar da babur. Kada ka ɗaure da igiya. A yi maka mahaɗin ƙarfe mai juyawa, ƙasa ƙasa kusa da ƙafar baya, sandar ja kuma ta ɗan yi tsawo. In kura ta fara lilo, kada ka danne birki da ƙarfi. Saki mai a hankali, riƙe kan babur sosai, ka tsaya ka gyara lodi.

Ɗan'uwa, jaki mai gyambo sai ya yi makonni bai ja ba, kaka kuwa ba ta jira. Gobe da safe, kafin ka ɗaura, ɗaga sandar ja ka ji abin da dabbarka za ta ji. In wani abu ya shige maka duhu, tuntuɓi malamin gona ko malamin dabbobi na yankinku.

Allah ya sa a kai kaya kasuwa lafiya, a dawo gida lafiya.