Yasmin Sunan Fure Ne, A Daina Tayar Wa Iyaye Hankali

Akwai wani saƙo da ya ƙi mutuwa a WhatsApp. Duk bayan ɗan lokaci sai a sake tono shi: a jero sunayen 'ya'ya mata, a ce duk wanda ya raɗa wa 'yarsa ɗaya daga ciki ya gaggauta canzawa, wasu har su ƙara da cewa sai an sake yanka rago. Babu sunan malamin da ya ba da fatawar, babu littafin da aka duba, sai dai "don Allah a tura wa wasu." A irin wannan jeri na ga an cusa Yasmin. Wai sunan Turawa ne da aka kwaso daga katun ɗin yara, wai kuma tunda ba Larabci ba ne, bai halatta ga 'yar Musulmi ba. Mai jego tana fama da ruwan zafi da rashin barci, sai ga dangin miji sun turo mata wannan, hankalinta ya tashi a banza.

Yasmin sunan wani fure ne fari, ƙarami, mai ƙamshin da ke ƙara tashi da dare. Asalin kalmar daga harshen Farisa take, Larabawa suka ara tun da daɗewa, daga nan ta shiga harsunan Turai, Faransanci ya mayar da ita Jasmin, Ingilishi kuma Jasmine. Tsiron dangin zaitun ne, kuma nau'o'insa sun kai wajen 200.

To wa ya ara daga wa? Wanda ya ce Turawa muka kwaikwaya ya juya tarihi ne a baibai. Fim ɗin Aladdin na kamfanin Disney, wanda ake ta ambato saboda sunan gimbiyar cikinsa, a 1992 ya fito. Tun 1949 aka haifi Gimbiya Yasmin, 'yar Yarima Ali Khan, jikar Aga Khan. Birnin Dimashƙa na Siriya, laƙabinsa ke nan, birnin yasmin, domin furen ne ke lulluɓe katangun tsofaffin gidajensa. Fakistan shi ta ɗauka furen ƙasa, haka ma Indonisiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a tarihin baya-bayan nan. A Tunisiya maza kan ɗaura ɗan ƙaramin damin furen su maƙala a bayan kunne da yamma, shi ya sa 'yan jarida suka kira boren da ya kori shugaban ƙasar, Ben Ali, a 2011 da sunansa. A Masar kuwa, a ƙauyen Shubra Balula na lardin Garbiyya, mata da yara kan fita tun cikin dare da fitila a goshi su tsinke furen ɗaya bayan ɗaya kafin rana ta fito ta kwashe ƙamshin, a kai masana'anta a tatse, man ya tafi wajen manyan kamfanonin turare na Turai. Sai an tara miliyoyin furanni kafin a samu kilo guda na man. Ina kyautata zaton wasu masu tura saƙon nan, a turaren da suka fesa da safe akwai shi.

Gaskiya ne sunan ya yi tashe a Amurka a farkon shekarun 1990, har ya shiga sahun sunaye 30 da aka fi raɗa wa mata, kuma fim ɗin ya ƙara masa farin jini. Amma ko a can ya fara hawa tun kafin fim. A nan gida, abin da na lura shi ne finafinan Indiya, littattafan soyayya, da zirga-zirgar Umara da karatu a Masar da Sudan sun fi kowane katun tasiri wajen yaɗa shi.

Babbar maganar ita ce ta biyu, cewa sunan da ba Larabci ba bai halatta ba. Wannan ita ce ke raba kan dangi, kuma ba ta da tushe. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malamin nahawu a zaure ya san an koya masa cewa Ibrahim, Isma'il, Ishaƙ, Yaƙub da Yusuf sunaye ne na ajami, wato ba Larabci ba ne asalinsu. Za mu canza su ke nan? Malamin da ya kafa harsashin nahawun Larabcin kansa, Sibawaihi, da sunan Farisanci duniya ta san shi. Idan ka bi salsalar Imamu Bukhari za ka tarar da kakan kakansa Bardizba, shi ma Farisanci. Ba a taɓa jin wani ya ƙi karanta Sahihul Bukhari saboda haka ba.

Abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya duba a suna shi ne ma'ana. Sunayen da ya canza, Larabci ne tsantsa. Ya canza wa 'yar Sayyidina Umar suna zuwa Jamila saboda na farkon, mai kama da Asiya a lafazi, yana nufin mai saɓo. (A kula, wannan ba shi ne sunan Asiya matar Fir'auna ba, a Larabci haruffansu daban, kada gobe wani ya ɗauki wannan ya tayar wa Asiyoyinmu hankali.) Ya mayar da Barra Zainab saboda sunan yana ɗauke da yabon kai. Ya nemi mayar da Haznu, mai nufin tsauri, zuwa Sahlu, mai nufin sauƙi. Malamai sun hana sunan da ke nuna bauta ga wanin Allah, da sunayen da Allah kaɗai ya keɓanta da su, sun ƙi wanda ma'anarsa ke da muni. A wane layi fure mai ƙamshi ya faɗa cikin waɗannan?

Su kansu Sahabbai da sunayen itatuwa aka kira da dama daga cikinsu. Ɗalha, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, sunan itaciya ne mai ƙaya, dangin bagaruwa. Hanzala, wanda mala'iku suka wanke a Uhudu, sunan wani ɗan tsiro ne mai kama da guna, ɗacinsa ba a magana. Ba a canza musu ba. Raihana tsiro ne mai ƙamshi. Zainab ɗin da muke alfahari da ita a kowane gida, ƙamusun Larabci na dauri sun ce ita ma sunan wata itaciya ce mai kyan gani da daɗin ƙamshi. A ce Hanzala ya wuce, Yasmin ta maƙale? Haba jama'a! Mu ma kakanninmu sun kira 'ya'yansu Marka, Anaruwa da Nomau, suna duban sama da gona, ba wanda ya fitar da su daga Musulunci.

Su ma masoya sunan suna da nasu kuskuren. Yasmin ba ya cikin Alƙur'ani, kuma ba shi ne na macen Yasin ba, kamar yadda na sha jin ana faɗa a gidan suna. Kama ce kawai ta lafazi. Halaccinsa bai dogara da wannan ba, don haka a daina ƙaga masa falalar da ba shi da ita. Wanda ya fi son sunan matan Annabi ko na Sahabbai ya yi abu mai kyau, ba mai ja da shi. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya haramta wa maƙwabcinsa abin da shari'a ba ta haramta ba.

Yanzu ga abin da nake roƙon iyaye. Ku fara maganar suna tun ciki yana ƙarami, kada a bari sai daren suna, an sayi goro an ɗaure rago, sannan a fara gardama. Uba ya zauna da matarsa su yi shawara. Ita ta ɗauki cikin nan wata tara, jin ra'ayinta ba ragi ba ne ga girmanka. In kun ji suna ya yi muku daɗi a fim ko a littafi, ku kai wa malamin da ya san Larabci da gaske, ku tambaye shi ma'ana da asali, ku ce ya duba ƙamus a gabanku. Kada ku dogara da shafukan intanet masu jera sunaye, da yawansu kowane suna fassara ɗaya suke ba shi, "kyautar Allah" ko "hasken Aljanna." Ku kuma gwada sunan a bakin kakar yarinyar. In Hajiya ba ta iya furta shi, ku sani laƙabin da za ta laƙa mata shi zai bi ta har gidan miji.

Sai rubutu, wanda shi ne ke wahalar da yara daga baya. Wannan suna ana rubuta shi Yasmin, Yasmeen, Yasmine, Yasmina, wani ma Jasmin. Ku zaɓi ɗaya tun ranar da za a karɓo takardar haihuwa, ku tsare shi harafi da harafi a rajistar firamare, da lambar NIN, da takardun WAEC da JAMB, da fasfo. Harafi guda ya bambanta, sai ka ga budurwa tana yawon kotu da kofi-kofin takardu tana rantsuwa cewa ita ce ita. Wannan ma wani dalili ne da zai hana ku canza wa yarinya suna da rana tsaka saboda saƙon waya: bayan ruɗa takardunta, kun sa mata a rai cewa shekara da shekaru da sunan zunubi ake kiran ta, alhali ƙarya ne.

Kai kuma ɗan uwa mai yatsan turawa, idan saƙon ya sake zuwa wayarka, tambayi wanda ya aiko maka: wane malami ne ya faɗa, a wane littafi? In bai kawo ba, goge shi, kada ka tura wa kowace mai jego.