Kumatun da Suka Faɗa Suna da Magani

A nan ƙasar Minjibir, inda aka san mu da saƙa tun kaka da kakanni, kowa ya sani in riga ta yage, ba ƙyallen da ya fi dacewa da faci kamar wanda aka yanko daga jikinta. Ashe likitoci ma haka suke yi da fuskar mutum.

Akwai mutanen da kitsen fuskarsu yakan narke. Kumatu su faɗa, idanu su zurma, ga shi kuwa suna noma suna cin tuwo kamar kowa. Wani gefe ɗaya ne na fuskarsa yake shanyewa tun yana yaro. Waɗansu kuma wani tsohon maganin ƙanjamau ne, mai suna Stavudine, ya jawo musu. Saboda irin wannan lahani, a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su daina ba da shi. Amma kitsen da ya tafi ba ya cika komowa da kansa.

Abin da ya fi ciwon zafi shi ne bakin mutane. Mai tuyar ƙosai takan rasa masu saye, budurwa ta rasa manemi. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce mayu ne. Mu ma mukan sa baki, alhali kuwa abin ba ya yaɗuwa.

Tun 1893 wani likitan Jamus, Gustav Neuber, ya ɗebi kitse daga hannun majiyyaci ya cike gurbin tabo a fuskarsa. Yanzu kuwa likita yakan zuƙo kitsen da siririn bututu daga ciki ko cinya, ya tace shi, sa'an nan ya zuba shi kaɗan kaɗan da allura a ƙarƙashin fatar kumatu. Jiki ba ya ƙinsa, gama nasa ne. Sai dai yakan shanye wani kashi, domin haka wani lokaci akan sāke aikin bayan 'yan watanni.

Wannan fa aikin ƙwararren likitan tiyata ne. Kada a yarda mai kemis ya taɓa fuskar kowa da allura. Kada kuma mai shan magani ya daina don tsoron ramewa. In akwai mai wannan damuwa a gidanmu, mu raka shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya nemi shawara. Kafin nan, mu ci abinci kwano ɗaya da shi.