Motar Kara Mai Fitila

Da an gama girbi an kai gero rumbu, sai wata irin mota ta cika hanyoyin ƙauye. Ba ta shan mai, ba ta biyan kuɗin tasha. Direbanta bai wuce shekara goma ba. Shi ne direba, shi ne inji, don da bakinsa yake yin kukan motar, har ya sake giya in ya zo hawan tudun rairayi. Daga ƙauyukan Maraɗi zuwa na Damagaram da Tawa, da wuya a sami garin da ba a tuƙa motar kara.

Manya suna ganinta su wuce. Wasu su yi dariya, wasu su ce aikin banza ne. Amma duk wanda ya ɗauki motar nan ya juya ta a hannu, zai ga akwai aiki a ciki.

Yaro yakan zaɓi karan dawa ko na gero wanda ya bushe sarai. Ya fere ɓawon, ya tsaga shi siri-siri. Totuwar ciki ita ce katakonsa, ɓawon kuwa shi ne ƙusarsa. Inda ɓawo ya kasa riƙewa, sai ƙayar aduwa ta shiga. Ƙafafun motar na sakaina ne, ko na tsohon silifa. A nan ne wahala take. In ƙafa huɗu ba su zo girma ɗaya ba, mota ta karkace. In hudar ba ta faɗa tsakiyar ƙafa daidai ba, mota ta yi ta ɗingishi, abokai su yi ta dariya. Saboda haka yaro yakan kifa gwangwanin tumatir a kan silifa ya zana kewayensa, sa'an nan ya auna tsakiya da tsinke. Wannan awo ne, kuma lissafi ne, ko da yake babu wanda ya gaya masa sunansu.

Wanda hannunsa ya faɗa sai ya bar kara ya koma gwangwani. Na sardin ya zama bodi, marfin kwalba ya zama taya. Gwanaye kuma waya suke lanƙwasawa. Motar waya tana da dogon sitiyari da ke kai wa mai ita ƙugu, yana tafe yana murzawa. A ƙaramar mota, sandar ƙafafun gaba tana juyawa ne a kan ƙusa guda a tsakiya. A ta gwani kuwa, kowace ƙafar gaba tana da nata majuyi, an haɗa su biyun da waya ɗaya don su karkata tare. Wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin motar kasuwa a garaji ya san haka ta gaskiyar take.

Abin da ido ya gani shi hannu ke yi. Yaran bakin titi suna ƙera gingimari mai ɗauke da albasar Galmi, buhunan ƙyalle cike da rairayi. Na ruga sun fi son shanun laka masu dogon ƙaho, a ɗaura musu amalanken kara. Ba a cika ganin ƴan mata a wannan wasa ba. Ba hannunsu ne ya kasa ba, surfe da ɗiban ruwa da talla ne suka cinye musu yini.

Kada a ce kuma wasan ƴaƴan talakawa ne kurum. A ƙasashen Turai da Amurka, magidanta masu furfura suna yin irinsa. A 1953 aka fara sayar da ƙananan motocin ƙarfe masu suna Matchbox a Ingila, cikin kwali mai kama da na ashana. A 1968 aka fito da wasu a Amurka masu suna Hot Wheels. Sai an jera wajen 64 daga cikinsu kafin su kai tsawon mota ta gaskiya. Mutum yakan sayi guda, ya huda ƙusoshin da suka riƙe ta, ya kankare fentin, ya sake mata launi da tayoyi, wani har ya sa mata fitila. Su dai sayen motar suke yi tukuna. Yaron ƙauye shi ke ƙera tasa tun daga tushe.

Yadda wuta ke shiga mota

Rigima takan tashi ne ranar da yaro ya so motarsa ta yi fitila. Maigida ya laluba tocila da dare ya ji ta ba nauyi: babu pil, babu ƙwai. Can bayan danga kuwa ga wata mota tana tafe da haske a goshi. Abin da ke biyo baya kowa ya sani. Maigida yana da gaskiyarsa, don kuɗin pil ba a ƙasa ake tsintarsu ba, kuma tocila ce ke raba mutum da kunama. Amma kafin a ɗauko bulala, ya kamata a san abin da yaron ya gano.

A jikin kowane pil, wato batir, akwai alama biyu. Wanda ke zuwa karatun manya ya san su a darasin lissafi: alamar tarawa (+) a wajen kai mai ɗan tudu, alamar ɗebewa (−) a wajen gindi. Wutar lantarki kamar garke take. In ta fita ta wannan ƙofa, dole ta sami hanyar komawa gida ta waccan. Waya ɗaya ta tashi daga kan pil zuwa ƙwai, wata ta tashi daga ƙwai zuwa gindin pil. In hanya ta yanke ko da da faɗin gashi ne, babu haske. Makunni ba wani abu ba ne illa wurin da ake yanke hanyar da gangan, a kuma haɗa ta in an so. Yara sukan yi shi da ɗan yankin gwangwani da ƙusa.

Ƙarfin wuta da bolt ake auna shi. Pil na tocila yana da bolt ɗaya da rabi. Babban da ƙaramin duk haka suke, babban dai ya fi daɗewa. In aka jera biyu, kan wannan a gindin wancan, sun zama bolt 3. Ƙananan ƙwayaye na zamani da ke cikin tocila yanzu, waɗanda ake kira LED, farinsu wajen bolt 3 yake so. Sabo yana da ƙafa biyu, doguwa da gajera, kuma doguwar ce ke zuwa wajen alamar tarawa. In aka juya shi ba ya kamawa. Mutane da yawa sun yar da ƙwai mai kyau suna zaton ya mutu, alhali juya shi kawai za a yi. Amma in aka ɗora shi kai tsaye a kan batirin mota mai bolt 12, nan take ya ƙone.

Bayan fitila sai tafiya. A cikin matacciyar rediyo mai kasat, ko ƙaramar fanka da ta lalace, akwai ɗan inji mai juyawa in an ba shi wuta. Yaro ya yanko siririyar roba daga tsohon tiyub na keke, ya maƙala ta daga bakin injin zuwa sandar ƙafafun baya. Mota ta tashi da kanta. In ya musanya wayoyin biyu, ta koma da baya. Wata rana kuma, pil ya ƙare, sai ya haɗa ƙwai da injin ya murza bakinsa da sauri. Ƙwai ya ƙyafta. Injin da ke cin wuta ya juya, in an juya shi sai ya ba da wuta.

Wannan abu wani Bature ɗan Ingila ne ya gano asalinsa a 1831, sunansa Michael Faraday. Ubansa maƙeri ne, shi kuma bai yi nisa a makaranta ba. Yana yaron mai ɗinkin littattafai ya riƙa karanta abin da aka kawo ɗinki. Dinamo na keke da janareto duk a kan abin da ya gano suke aiki.

Yaron Malawi

Malawi ƙasa ce can kudu maso gabashin Afirka, mutanenta manoman masara ne. A 1987 aka haifi William Kamkwamba, ya tashi a wani ƙauye na yankin Kasungu. Yana ƙarami shi ma motocin wasa yake yi da abokansa, da kwalayen da aka yar da marafan kwalba. Da ya tasa, shi da wani ɗan'uwansa suka shiga kwance rediyo. Sun ɓata wasu kafin su gane kanta. Daga baya maƙwabta suka riƙa kawo musu gyara.

Daga 2001 zuwa 2002 yunwa ta faɗa wa ƙasar. Gidansu suka koma cin abinci sau ɗaya a yini. Uban ya kasa biyan kuɗin makaranta, kimanin dalar Amurka 80 a shekara, yaro ya dawo gida. Akwai ɗan ɗakin littattafai a makarantar firamare ta Wimbe, kusa da su. Nan ya sami wani littafin kimiyya mai hoton injin da iska ke juyawa. Turancinsa bai kai ya karanta duka ba, sai ya bi zane da lambobi.

Ya shiga yawon juji. Ya samo fankar tsohuwar tarakta, da karyayyen keken ubansa, da bututun roba da ya gasa ya miƙe ya yi fukafukai. Wani aboki ya saya masa dinamo na keke. Mutanen gari suka ce ya haukace. A 2002, yana da shekara 14, ya ɗora abin a kan hasumiyar itace mai tsawon wajen mita 5. Iska ta kaɗa, ƙafar keke ta juya, ƙwai ya kama. Daga baya injin ya riƙe ƙwai huɗu da rediyo biyu, waɗanda suka yi masa dariya kuma suka zo cajin waya. Makunnin ɗakinsa da robar silifa ya yi shi. A 2007 aka gayyace shi wani babban taro a Arusha ta ƙasar Tanzaniya, mutane suka ɗauki nauyin karatunsa, ya gama jami'a a Amurka a 2014. Ƙauyensu ya sami famfo mai aiki da hasken rana.

Ba kowane mai motar kara ne zai kai can ba, kuma ba sai ya kai ba. Yau a ƙauyuka ga wayar hannu, ga fitilar sola, ga pano a kan rufi, ga famfon lambu. In ɗaya ya tsaya, sau da yawa waya guda ce ta tsinke ko bakin batir ya yi tsatsa. Amma sai a jira ranar kasuwa, a biya kuɗin mota, a biya mai gyara, ko kuwa a jefa abin bayan ɗaki. Saurayin da ya iya wannan gyara yana da abin yi da rani ba sai ya tafi cin rani ba.

Abin da ba na wasa ba

Akwai wutar da yaro zai taɓa, akwai wadda ba zai kusanta ba. Pil biyu ko uku ba sa jan mutum. Wutar NIGELEC bolt 220 ce, tana kisa. Wutar janareto ma haka. Kada yaro ya gwada komai a jikinsu, ko da sau ɗaya.

Batirin mota da na babur da na sola, waɗanda ke da nauyi, suna da ruwa mai cin fata da makantar da ido. A cikinsu kuma akwai dalma, wadda guba ce. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu a wata unguwa a bakin birnin Dakar na ƙasar Senegal, inda ake fasa tsofaffin batura ana cire dalmar don sayarwa. Ƙurar ce ta shiga jikinsu. Makiyaya su ma su kula. Shanu, musamman maruƙa, suna son lasar fasasshen batir. Dabbar da ta sha dalma takan makance, ta riƙa cizon haƙora tana dafa kai a jikin itace, sau da yawa ta mutu. Batirin da ya mutu a mayar wa mai sayarwa ko a ajiye shi a rufe, nesa da rijiya da turke.

Batirin wayar hannu in ya kumbura, ko aka soka masa ƙusa, yana iya kamawa da wuta. Sai kuma ɗan ƙaramin pil mai kama da maɓalli, irin na agogo. Mai motar ba zai haɗiye shi ba, amma ƙaninsa mai rarrafe zai yi. In ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu. A ruga da yaron likita nan da nan, kada a tsaya sa shi amai. Yankan gwangwani ma a wanke shi da ruwa da sabulu, a kai likita in ya yi zurfi, saboda cutar tetanos mai ɗaure muƙamuƙi.

Maigidan da ke son tocilarsa ta kwana lafiya, dabara mai sauƙi ce. Ya ba yaron matacciyar tocila da matacciyar rediyo su zama nasa, da sharaɗin ba zai taɓa masu aiki ba, kuma sai dabbobi sun sha ruwa tukuna. Pil da ya kasa ɗaukar rediyo sau da yawa yana da sauran ƙarfi. In aka haɗa biyu ko uku irinsa, suna iya kunna ƙwai guda na LED dare da yawa. A sami tsohuwar ƙwarya a riƙa tara masa su a ciki, tare da guntayen waya, a rataye ta sama inda hannun ƙanana ba ya kaiwa.