Havengore: Jirgin Katakon da Ya Ɗauki Gawar Churchill

Aikin da aka ƙera Havengore dominsa ba na alfarma ba ne. Hukumar Tashar Jiragen Ruwa ta Landan ce ta ba da kwangilarsa a 1954, tana neman jirgin da zai riƙa bin Kogin Thames yana auna zurfinsa. Kogin yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana saboda igiyar teku, yashi da laka kuma ba sa zama wuri ɗaya. Inda babban jirgin kaya ya wuce lafiya bara, bana yana iya kafewa. Dole a sami masu sabunta taswirar ƙarƙashin ruwa, kuma wannan jirgi ne ofishinsu.

Kamfanin Tough Brothers da ke Teddington, a yammacin Landan, shi ya ƙera shi, ya fara aiki a 1956. Gidan sananne ne a harkar, domin a 1940 yana cikin waɗanda suka tattaro ƙananan jiragen jama'a da aka tura Dunkirk don kwaso sojojin da Jamusawa suka ritsa da su. Tsawon Havengore ƙafa 85 ne, wajen mita 26. Haƙarƙarinsa na wani ice ne mai tauri da Turawa ke kira oak, jikinsa kuma katakon tik ne riɓi biyu, icen Asiya mai maiƙo wanda ruwa ba ya saurin ci. Injuna biyu na dizal ƙirar Gardner ke tura shi. Sunan kuwa na wani ɗan tsibiri ne a gaɓar Essex, kusa da inda kogin ke shiga teku.

Shekara tara yana wannan aiki ba wanda ya damu da shi, sai ranar 30 ga Janairu, 1965.

Winston Churchill, firayim ministan da ya jagoranci Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu, ya rasu ranar 24 ga watan yana da shekara 90. An daɗe da tsara jana'izarsa tun yana raye, kuma cikin tsarin har da tafiya a kan ruwa. Bayan addu'o'i a majami'ar St Paul, inda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta halarta, sojoji suka ɗauki akwatin gawar zuwa mashigin Tower, suka ɗora shi a bayan Havengore, lulluɓe da tutar ƙasa. Aka harba igwa sau 19, jiragen yaƙi 16 suka ratsa sama. Jirgin ya nufi mashigin Festival, tafiyar 'yan kilomitoci kaɗan, daga nan aka kai gawar tashar Waterloo, jirgin ƙasa ya wuce da ita zuwa kusa da ƙauyen Bladon inda aka binne shi. An ƙiyasta mutum miliyan 350 ne suka kalli jana'izar a talabijin a faɗin duniya.

Abin da ya fi zama a zukatan masu kallo shi ne manyan injunan ɗaga kaya da ke jere a bakin kogi, waɗanda suka sunkuyar da dogayen wuyansu yayin da jirgin ke wucewa, kamar talakawa sun faɗi gaisuwa. Bayan shekara 50, wani tsohon ma'aikacin tashar ya shaida wa BBC cewa biyansu aka yi, kuma da yawansu ba sa ƙaunar Churchill saboda tsamin da ke tsakaninsa da ƙungiyoyin ƙwadago. Wannan shaida ta cancanci a ajiye ta kusa da hoton, domin ita ma tarihi ce.

Da aka gama, Havengore ya koma bakin awonsa. Ya ƙara shekara 30 yana yi, har hukumar ta sallame shi a 1995, ta sayar da shi.

A nan ne labarin mallakarsa ya zama abin nazari. Mutum zai zaci gwamnati za ta karɓi jirgi irin wannan ta adana, amma hakan bai faru ba. Jirgin katako kuwa ba ya yafe sakaci: ruwan sama yana shiga ta tsagar bene, ruɓa ta kama haƙarƙari daga ciki inda ido ba ya gani. Wani ɗan kasuwa ne ya saye shi, ya kai shi tsohuwar ma'aikatar jiragen ruwa ta Chatham a yankin Kent, aka shiga gyara na shekaru. A 2006 ya sake canza hannu zuwa wani ɗan kasuwar na Ingila, wanda ya ci gaba da aikin da kuɗin aljihunsa. Gyaran irin wannan jirgi ba facin sauri ba ne, sai an nemo katako irin na asali da kafintocin da suka iya lanƙwasa shi, kuma irinsu suna ta raguwa. A ganin mai wannan rubutu, waɗannan mutane biyu sun fi kama da masu riƙon amana fiye da masu dukiya, domin abin da suka saya cin kuɗi yake yi kullum.

Wahalar ta yi rana. A Yunin 2012, lokacin bikin cikar Sarauniya shekara 60 a kan mulki, Havengore yana cikin jerin jirage kusan 1,000 da suka bi Thames, ɗauke da wasu 'yan gidan sarauta. Ranar 30 ga Janairu, 2015 kuma ya sake bin hanyar jana'izar tare da iyalan Churchill, aka ɗaga masa gadar Tower, aka jefa furanni cikin kogi daura da majalisar dokoki. Sunansa yana cikin rajistar jiragen tarihi ta Birtaniya, kuma an riƙa ba da hayarsa don taruka da bukukuwa a kan kogin, abin da ke taimakawa wajen biyan kuɗin fenti, mai da kafintoci.