Kashi Biyar Cikin Ɗari: Sararin da Faifan Kwamfuta Ke Ɓoyewa

Sau da yawa ɗalibin da ke aiki da kwamfuta mai manhajar Linux yakan gamu da wani abin mamaki. Zai so ajiye aikinsa, sai na'ura ta ce faifai ya cika. Idan ya buga umarnin df -h domin ya ga lissafi, sai ya tarar sararin da aka cinye bai kai girman faifan ba, amma kuma an nuna babu saura. Wannan ba lalacewa ba ce. Da gangan aka tsara abin haka, kuma ana iya gyara shi da umarni guda.

Kafin a ajiye komai a kan faifai sai an shimfiɗa masa tsarin ajiyar fayil, wato ƙa'idar da ke raba shi zuwa ƙananan gurabe, tana kuma riƙe da lissafin abin da ke cikin kowane gurbi. A shekarar 1993 wani Bafaranshe mai suna Rémy Card ya fito da tsarin ext2 domin Linux. Daga gare shi aka sami ext3 a 2001, sannan ext4 a 2008. A manyan faifai kowane gurbi yakan ɗauki bait 4,096. A farkon faifan kuma akwai wani babban kundi da ke ɗauke da yawan gurabe, da sunan faifan, da sauran ƙa'idojin aikinsa. Cikin ƙa'idojin nan har da wadda ta keɓe kashi 5 cikin 100 na gurabe, ba mai taɓa su sai mai kula da na'ura.

Hikimar wannan tanadi irin ta manomi ce, wanda ba ya ƙarar da hatsin rumbunsa sai ya ware iri. Akwai manhajojin da ke aiki a bayan fage, suna rubuta rahoton abin da ke gudana a cikin na'ura. In da faifai zai cika maƙil, da sun tsaya, mai kula da na'urar ma zai sha wuya kafin ya shiga ya share tarkace. Dalili na biyu shi ne, faifan da ya kusa cika ba shi da gurabe masu yawa a jere, saboda haka sai a yayyanka fayil guda a warwatsa shi wurare daban-daban, karanta shi ya riƙa ɗaukar lokaci.

To, amma zamani ya canza. A lokacin da aka tsara ext2, faifai mai megabait 200 ba ƙarami ba ne, kuma kashi 5 nasa megabait 10 ne kacal. Faifai mai gigabait 1,000 kuwa, tanadinsa ya kai gigabait 50, wanda ya isa ya ɗauki dubban littattafai.

Manhajar da ke gyara wannan ita ce tune2fs, ɗaya daga cikin kayan aikin e2fsprogs da Theodore Ts'o ke kula da su. Matakin farko shi ne a tabbatar da sunan faifan ta hanyar umarnin lsblk, domin harafi guda ne ya raba sda1 da sdb1. Mataki na biyu, a karanta kundin ba tare da an canza komai ba:

sudo tune2fs -l /dev/sdb1

A nan ne za a ga jimlar gurabe da adadin da aka keɓe. Yana da kyau a rubuta su a takarda. Bayan haka sai a buga:

sudo tune2fs -m 1 /dev/sdb1

Nan take tanadin zai koma kashi 1, faifan nan mai gigabait 1,000 ya saki gigabait 40, ba tare da an taɓa ko fayil guda ba. Wanda ya sake shawara yana iya mayar da shi ta hanyar sa 5 a gurbin 1.

Abin lura a nan shi ne, ba kowane faifai ya dace da wannan ragi ba. Wanda aka keɓe domin adana hotuna, bidiyo ko littattafai yana iya jure shi. Amma wanda ita kanta Linux ke zaune a kansa, musamman in ƙarami ne, gara a bar masa tanadinsa. Haka kuma umarnin bai shafi tsarin NTFS na Windows ko FAT na ƙananan ma'adanai ba.

Tune2fs na da sauran amfani. Harafin -L yana raɗa wa faifai suna, -c yana ƙayyade sau nawa za a ɗora shi kafin a binciki lafiyarsa, -j kuma yana ƙara wa ext2 littafin da ke rubuta kowane canji kafin a aiwatar da shi. Wannan littafi na da daraja ƙwarai a inda ake yawan ɗauke wutar lantarki, domin shi ke sa faifai ya farfaɗo cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Malamin da zai gwada wa ɗalibansa wannan darasi, ya fara da faifan da babu abu mai muhimmanci a kansa, ya kuma sa su kwatanta lissafin df -h kafin gyara da bayansa, su fitar da bambancin da kansu.