Shin Ko Kun San? Sinadarin Wanke Tanda Na Tuɓe wa Motar Rimot Launinta!

Shin ko kun san akwai manya, magidanta masu furfura, da ke zuba kuɗi masu kauri a kan motocin wasa masu rimot? Ba irin na robar nan da ake saya wa yara da Sallah ba. Waɗannan suna da shokazoba mai ɗauke da mai, da boris, da giya, komai irin na babbar mota, sai dai an ƙanƙanta shi sau 10 ko sau 8. Ga gudu! A 2014 wani Ba'amurke mai suna Nic Case ya kora tasa ta kai kilomita 325 a awa guda. Ku sake duba lambar. Motar wasa fa!

To, ku leƙa cikinsu ku sha kallo. Yawancin sassa masu tsada na alminiyum ne, wato goran ruwa, domin nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Kuma ba a barinsa haka fari. Kamfanin Tamiya na Japan ya yi suna da wani shuɗi mai sheƙi, HPI ya daɗe ana saninsa da shunayya, Xray na ƙasar Sulobakiya kuwa ruwan lemo. Sai mutum ya sayo sashe ɗaya shunayya alhali duk motarsa shuɗiya ce. Ido ya ƙi yarda. Me zai yi? Sai ya nufi kicin!

Ku tsaya tukuna. Kafin ya kai ga kicin, sau da yawa ya gwada tina, ya gwada fetur, ya gwada abin goge jan farce. Ko gezau! Kun san dalili? Launin nan ba fenti ba ne. Ba a saman ƙarfen yake zaune ba. Rini ne da ya shige cikin fatar da ƙarfen ya yi wa kansa.

E, fata! Da zarar alminiyum ya haɗu da iska, nan take sai ya lulluɓe kansa da wata siririyar tsatsa marar launi, kaurinta 'yan nanomita kaɗan. Ita ce ta hana tsatsa ci gaba da cin tukunyarku kamar yadda take cin kwanon rufi. Masu masana'antu suka ce bari mu ƙara mata kauri. Sai su tsoma sashen cikin asid irin na ruwan batir, su sakar masa lantarki, fatar ta yi ta girma har ta ninka ta asali sau dubu ko fiye. Wannan aikin shi ake kira anodaizin. An fara shi a masana'antu a Ingila a 1923, don kare sassan jiragen sama masu sauka a kan teku daga cin ruwan gishiri. Shekara ɗari ke nan da ɗoriya!

Duk da wannan ninki, nawa kuke zaton kaurinta? Tsakanin maikiron 5 zuwa 25. Maikiron ɗaya shi ne a raba milimita gida 1,000 a ɗauki ɗaya. Silin gashin mutum ya kai wajen maikiron 70. Wato duk wannan shuɗin da ke ɗaukar ido, a cikin abin da bai kai rabin silin gashi ba yake!

Ga inda abin ya fi burge ni. Idan aka duba fatar da na'urar girmama ƙananan abubuwa, sai a ga ba a shafe take ba. Ramuka ne jere reras, kowanne a tsakiyar ɗaki mai kusurwa shida, sak saƙar zuma. Biliyoyinsu a cikin fili mai faɗin santimita ɗaya! Ana fito da sashen daga asid sai a tsoma shi a ruwan rini, ramukan su sha su ƙoshi. Daga nan a jefa shi cikin tafasasshen ruwa, fatar ta kumbura, bakin ramukan ya toshe. Shi ke nan, an kulle launi a ciki. Ina tina za ta bi ta isa gare shi?

Kuma kun taɓa lura ba a cika ganin fari fat a irin wannan rini ba? Ja akwai, baƙi akwai, ruwan zinari akwai. Amma ƙwayoyin garin da ke ba da farin launi sun fi ƙarfin bakin ramukan, ba sa shiga.

Wani abin kuma: sinadarin wannan fata shi ne dai sinadarin yaƙutu, ja da shuɗi! Bambancin a tsarin ginuwa ne, shi yaƙutu ya ginu ya zama dutse mai daraja ta 9 cikin 10 a ma'aunin tauri. Lu'ulu'u ne ke kan 10.

To wa zai iya da fata mai irin wannan dangi? Soda! Sodar nan dai da masu haɗa sabulu ke saye a kasuwa, mai ƙona hannu. Ita ce ke cikin sinadaran wanke tanda masu ƙarfi, da na buɗe bututun ruwa idan ya toshe, da wasu na cire maiƙon inji. A Amurka 'yan wasan nan sun fi kiran sunan Easy-Off, kuma sukan ja kunnen juna: a ɗauki gwangwani mai ruwan ɗorawa, kada a ɗauki shuɗin nan mai sauƙin wari, domin shi ba sodar a cikinsa. Ku tambayi duk mai haɗa sabulu a unguwarku ko tana kwaɓa soda a tukunyar goran ruwa. Za ta ce muku a'a tun kafin ku rufe baki. Ilimin ɗaya ne!

Kallon abin kuwa sai wanda ya gani. A ajiye sashen a robar wanki, a fesa masa kumfa. Minti kaɗan sai farar kumfa ta fara rinewa. Shuɗi na malala, ja na malala. A goga da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye da ruwa mai yawa, ga ƙarfe ya fito tsirara. Abin da zai iya shekaru yana shan rana da ƙura, ya tafi kafin shayi ya huce!

Amma fa ku saurara da kyau, a nan gizo ke saƙar. Soda ba ta san iyaka ba. Tana gama cin fata sai ta wuce cikin naman ƙarfen. Alamar ita ce ƙananan kumfa masu tasowa suna sis-sis. Iskar haidurojin ce, mai kama wuta! Giram ɗaya tak na alminiyum, idan soda ta cinye shi, yana fitar da fiye da lita ɗaya ta wannan iska. Shi ya sa ba a yin aikin a rufaffen ɗaki, ba a yi kusa da murhu ko taba, kuma sam ba a rufe murfin robar, don tana iya tarwatsewa.

Za ku yi mamaki in na ce wani kamfani da gangan yake haɗa su. Garin Drano na buɗe bututu yana ɗauke da soda da kuma 'yan gutsattsarin alminiyum a gwangwani ɗaya! Ruwa na taɓa su sai su kaure da faɗa, zafi ya tashi, maiƙon da ya toshe bututu ya narke.

Wani kuma ya ciro sashensa yana jiran fari, sai ya gan shi baƙi ƙirin. Hankali ya tashi! Ba lalacewa ya yi ba. Alminiyum ɗin waɗannan motoci gauraye ne. Akwai samfurin 6061 mai ɗan magniziyam da silikon, akwai 7075 mai zinki da tagulla, wanda ya fi ƙarfi. Soda na cin alminiyum ta bar sauran a sama kamar kunkunniya, kuma 7075 ya fi yin baƙi. Goga ce maganinsa. Shi wannan gauraye mai zinki ma yana da tarihi: kamfanin Sumitomo na Japan ya ƙirƙiro irinsa a shekarun 1930, aka sa shi a jirgin yaƙin nan Zero.

Yanzu ga abin da nake so kowane mai sha'awa ya riƙe. Fatar nan ba ɗora ta aka yi ba, wani ɓangarenta a cikin ƙarfen ya tsiro. In ta tafi, sashen ya rage girma. Ramin da boris ke shiga cif zai iya fara lilo. Zaren da noti ke kamawa zai yi sako-sako. Mafi muni shi ne cikin shokazoba, inda akan yi fata mai kauri ta musamman, sama da maikiron 25, don jure gugar fistin. Ka cire ta, man da ke ciki ya koma toka-toka da garin ƙarfe. A ganina wannan asara ce tsantsa. A tuɓe abin ado, a ƙyale abin da ke aiki. Kuma a riƙa ciro sashen ana dubawa minti-minti, kada a tafi cin abinci a bar shi.

Jiki fa? In soda ta taɓa yatsa za ka ji santsi. Ba santsin ruwa ba ne, maiƙon fatarka ne ke rikiɗewa sabulu! Safar hannu ta roba dole, tabarau na kariya dole, domin ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa. In tsautsayi ya auku, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15 sannan a garzaya asibiti. Mai amfani da garin soda ya zuba shi cikin ruwa kaɗan-kaɗan, kada ya zuba ruwa a kan gari. Kada a gauraya wani sinadari da bilic. Yara kuwa su yi nisa.

Bayan an ɗauraye, wasu kan tsoma sashen a ruwan khal don kashe kaifin sodar da ta rage. Sai samfefa mai laushi da ruwa, daga lamba 600 har zuwa 2000, sai man goge ƙarfe. Sheƙi har ka ga fuskarka! Sai dai ba ya daɗewa, sai ana sake gogawa. Ga kuma wani sauyi da ido ba ya gani: mai launi ba ya wuce da lantarki ta samansa, tuɓaɓɓe kuwa yana wucewa da shi sarai. Wayar batir ta goge ta taɓa shi, sai tartsatsi!

Shin ko kun san da soda ɗin nan ake haifar alminiyum tun farko? A dabarar da Carl Josef Bayer ya fito da ita wajen 1888, ana dafa jar ƙasar bokzait cikin ruwan soda mai zafi don a tsamo sinadarin alminiyum. Kuma babu ƙasar da ta kai Gini Konakiri tarin wannan jar ƙasa a duniya. Ghana ma na haƙar tata a Awaso.

Saura ɗaya! In ka fesa kumfa ka jira, ka ga launi ya ƙi motsi, wataƙila ba alminiyum ba ne a hannunka. Wasu sanduna da kusoshin motocin na titaniyam ne, kuma launinsu ba rini ko ɗigo! Kaurin fatar ne kawai ke wasa da haske. Mai aikin anodaizin ya murɗa ƙarfin lantarki kaɗan ya sami ruwan tagulla, ya ƙara ya sami shunayya, ya ƙara ya sami shuɗi, ya kai wajen bolt 100 ya sami kore!