Haƙƙin Farfaɗowa ga Waɗanda Suka Tsira Daga Azabtarwa: Tsakanin Fiƙihun Lamuni da Aikin Cibiyoyin Jinya

Gabatarwa

Babu saɓani tsakanin malamai a kan cewa azabtar da ɗan Adam ba bisa haƙƙi ba haramun ne. Imam Muslim ya ruwaito cewa Hishamu ɗan Hakimu (R.A.) ya iske wasu mutane a ƙasar Sham an tsayar da su cikin rana saboda haraji, sai ya shiga wurin gwamna ya sanar da shi gargaɗin da ya ji daga Manzon Allah (S.A.W.) cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya, nan take aka sake su. Sai dai mafi yawan darussa da huɗubobin da ake ginawa a kan wannan riwaya sukan tsaya ne a daidai wurin sakin, alhali wanda aka azabtar yakan fito da kafaɗar da ba ta ɗaguwa, da barcin da ya ƙaurace masa, da sana'ar da ta rushe. Wannan maƙala tana bayyana cewa mayar da irin wannan mutum ga lafiyarsa da mutuncinsa haƙƙi ne da yake bin wanda ya cuce shi da hukumar da ta ƙyale aka cuce shi, ba sadaka ce da ake yi masa don tausayi ba.

Abin da Azaba Take Bari

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Yaƙi da Azabtarwa, wadda aka amince da ita a ranar 10 ga Disamba, 1984, ta kuma fara aiki a ranar 26 ga Yuni, 1987, ta ɗauki azabtarwa a matsayin jawo wa mutum matsanancin ciwo na jiki ko na rai da gangan, don a tatsi bayani ko iƙirari daga gare shi, ko a hukunta shi, ko a razana shi, da hannun jami'in hukuma ko da yardarsa.

Likitoci sun san irin tabon da kowane nau'i yake bari. Dukan tafin ƙafa yana lalata naman da ke tallafar diddige, har mutum ya shekara da shekaru ba ya iya doguwar tafiya. Ratayewa da hannaye a ɗaure ta baya tana raunata jijiyoyin kafaɗa, ta kashe ƙarfin hannu. Marin kunnuwa biyu lokaci guda yana fasa dodon kunne. Amma raunin rai ya fi waɗannan daɗewa: mafarkai masu firgitarwa, da dawowar hoton abin da ya faru a farke kamar yanzu ake yin sa, da zabura idan an ji ƙarar maɓalli ko an ga kaki, da saurin fushi a cikin iyali. Sannan ga raunin zamantakewa, domin maƙwabta sukan ɗauka cewa ba banza ba aka kama shi, macen da aka keta wa haddi kuwa sau da yawa ba ta samun ko wanda za ta faɗa wa.

Asali Daga Sira

Al'ummar Musulmi ta farko ta ƙunshi mutane da dama da suka tsira daga azabtarwa, kuma yadda aka karɓe su hujja ce. An azabtar da Ammaru ɗan Yasir (R.A.), wanda aka kashe mahaifiyarsa Sumayya a kan addini, har ya furta kalmar da mushrikai suke so. Ya zo wa Annabi (S.A.W.) yana kuka, yana ganin ya halaka. Annabi ya tambaye shi yadda yake jin zuciyarsa, ya amsa cewa tana natse da imani, sai ya ba shi izinin ya maimaita idan suka maimaita. Malaman tafsiri sun ambaci wannan a matsayin dalilin saukar aya ta 106 a Suratun Nahli.

Malaman usuli sun ciro hukuncin tilastawa daga wannan ƙissa, amma akwai wani darasi a cikinta. An saurari Ammaru, an tambaye shi game da zuciyarsa kafin a yi maganar harshensa, an ɗauke masa nauyin zargin kai, sannan an shirya shi don abin da yake tsoron ya sake faruwa. Masu jinyar rai a yau sun tabbatar da cewa kunyar wanda ya karaya a ƙarƙashin azaba, ya ambaci sunan abokinsa ko ya sa hannu a kan ƙarya, tana daga cikin abubuwan da suka fi wuyar warkewa. Shari'a ta riga ta yanke cewa laifin yana wuyan mai tilastawa.

Haka nan masu tarihin sahabbai sun kawo cewa Khabbabu ɗan Arattu (R.A.) ya buɗe wa Umar (R.A.) bayansa, ya nuna masa tabon garwashin da aka kwantar da shi a kai a Makka, shekaru masu yawa bayan aukuwar abin. Ba a ce masa ya rufe ba, ba a kuma ɗauki hakan rashin haƙuri ba.

Fiƙihun Lamuni

Ƙa'idar da ke cewa ana gusar da cuta tana daga cikin manyan ƙa'idoji biyar na fiƙihu, kuma gusarwa ba ta cika da dakatar da mai cuta kawai matuƙar gurbin cutar yana nan. Shi ya sa babin diyya bai tsaya ga gaɓoɓin da aka yanke ba, ya haɗa da amfanonin da aka kashe. Ibn Abi Zaid ya ambata a cikin Risala cewa akwai cikakkiyar diyya a kan gushewar ji, da karyewar gadon baya, da gushewar hankali. Wannan na ƙarshe yana nuna cewa malamai sun ɗauki raunin da ido ba ya gani a matsayin abin lamuni.

Malaman Hanafiyya sun tattauna mas'alar da ta fi kusa da batun farfaɗowa, wato raunin da ya warke bai bar tabo ba. Abu Hanifa ya ga cewa babu abin biya, Abu Yusuf ya wajabta fansar raɗaɗin da aka sha, Muhammadu ɗan Hasan kuwa ya wajabta ladan likita. Ra'ayoyin almajiran biyu suna da muhimmanci, domin masu azabtarwa na wannan zamani sun ƙware wajen hanyoyin da ba su barin alama, kamar hana barci da tsoma kai cikin ruwa. Shi dai Abu Yusuf ne ya shawarci Halifa Haruna Rashid, a cikin Kitabul Kharaj, da ya yanka wa fursunoni abinci da tufafin ɗari da na bazara daga baitulmali, ya kuma hana a wuce iyaka wajen dukansu.

Gaskiya ne cewa wasu malamai sun halatta dukan wanda ake tuhuma idan ya shahara da ɓarna, kuma Ibn Asim ya kawo wannan a cikin Tuhfatul Hukkam. Imam Gazali ya yi raddin wannan hanya a cikin Al-Mustasfa, yana mai nuna cewa ƙyale mai laifi ba a doke shi ba ya fi sauƙi a kan dukan marar laifi. Jumhur kuma sun tafi a kan cewa iƙirarin wanda aka tilasta ba ya inganta.

Yadda Cibiyoyin Farfaɗowa Suke Aiki

Jinyar waɗanda aka azabtar ta zama fanni mai zaman kansa ne a ƙasar Denmak, inda likita Inge Genefke ta jagoranci kafa cibiya a birnin Kopenhagen a 1982, daga nan aka samar da majalisar IRCT a 1985, wadda take haɗa cibiyoyi a ƙasashe da dama. Sashe na 14 na Yarjejeniyar 1984 ya ɗora wa gwamnatoci samar da diyya da hanyoyin farfaɗowa gwargwadon iko, kuma kwamitin da ke sa ido a kan yarjejeniyar ya fayyace a 2012 cewa farfaɗowar ta ƙunshi jinyar jiki, da ta rai, da taimakon shari'a, da tallafin rayuwa.

A aikace, cibiya takan fara da tabbatar wa mutum aminci. Ba a tilasta shi ya ba da labari, domin tambayoyi a jere suna iya zama masa tamkar an mayar da shi ɗakin tuhuma. Ana bayyana masa kowane gwaji kafin a yi, musamman wanda ake liƙa wayoyi a jiki, saboda wanda aka gana wa azaba da lantarki. Mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi yana aiki tare da likitan ƙwaƙwalwa, ana shigar da mata da 'ya'ya cikin jinyar, ana kuma nema masa jari ko sana'ar da jikinsa zai iya ɗauka.

Ɓangaren hujja ya dogara ne a kan Ƙa'idar Istanbul ta 1999, wadda aka sabunta a 2022. Tana koya wa likita yadda zai rubuta rauni, ya kuma faɗi gwargwadon dacewarsa da labarin da aka ba shi, daga wanda bai dace ba sam zuwa wanda babu abin da zai iya haifar da shi sai abin da aka faɗa. Wannan ya yi daidai da abin da fiƙihu ya sani na komawar alƙali ga ma'abota ƙwarewa wajen ƙiyasta raunuka.

Darasin Chadi

Jinya ba ta cika idan mai azabtarwa yana yawo cikin gari ana gaishe shi, kuma babu misalin da ya fi nuna haka kamar na maƙwabciya Chadi. Hissene Habre ya mulki ƙasar daga 1982 zuwa 1990, kuma hukumar tsaronsa ta DDS ta mayar da wani tsohon wurin wanka a Ndjamena kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ya ƙiyasta a 1992 cewa an kashe kimanin mutum 40,000. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fito da rai, Souleymane Guengueng, ya kafa ƙungiya ya riƙa tattara bayanan ɗaruruwan 'yan uwansa a ɓoye. An shigar da ƙarar farko a Dakar a 2000, inda Habre yake gudun hijira, kuma a 2001 aka gano takardun DDS masu ɗauke da sunayen dubban waɗanda aka tsare. Sai a ranar 30 ga Mayu, 2016, wata kotu ta musamman da Tarayyar Afirka da Senegal suka kafa ta yanke masa ɗaurin rai da rai, bayan mata da maza sun tsaya a gabansa sun faɗi abin da aka yi musu.

A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin, ta kuma yanke diyyar kusan sefa biliyan 82 ga mutum 7,396. Habre ya rasu a 2021 ba tare da an biya wannan diyya ba, kuma da yawa daga masu haƙƙin sun mutu suna jira. Darasin fuska biyu ne: waɗanda aka zalunta su ne suka ja ragamar neman haƙƙinsu, kuma hukuncin da ba a zartar ba bai gusar da cuta ba.

Haƙuri da Afuwa

Mai wa'azi yakan gaggauta ce wa wanda aka azabtar ya yi haƙuri ya yafe, yana kafa hujja da magabata. Lalle gwamnan Madina Ja'afaru ɗan Sulaimanu ya sa an bulali Imam Malik a zamanin Halifa Mansur har kafaɗarsa ta goce, saboda fatawarsa ta rashin ingancin rantsuwar wanda aka tilasta, kuma Malik ya yafe masa. Imam Ahmad ma ya yafe wa Mu'utasim bayan bulala da ɗaurin sama da shekara biyu. Amma dukansu sun yafe ne bisa zaɓinsu, bayan al'umma ta san gaskiyar abin da ya faru, ta kuma ɗaukaka su. An kawo wa Ahmad mai jinyar raunuka ya yanke mataccen naman bayansa, 'ya'yansa da almajiransa kuma sun rubuta tarihin jarrabawar. Afuwa haƙƙin wanda aka zalunta ce, idan aka matsa masa har ya yi ta, an ƙara masa wata tilastawar. Haƙuri kuma bai hana neman magani ba. Tun a ƙarni na huɗu na Hijira Abu Zaid Al-Balkhi ya yi bayanin jinyar tsoro da baƙin ciki da waswasi a cikin Masalihul Abdani wal Anfus, yana ɗaukar su cututtuka kamar na jiki.

Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta azabtarwa, ƙasar ta tabbatar da Yarjejeniyar 1984 a 2001, kuma Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25. Dokoki ba su yi ƙaranci ba, giɓin yana wajen kulawa da wanda ya fito. Kuma matsalar ba ta tsaya ga wuraren tsaro na hukuma ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300, ciki har da yara, daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa da tabon duka, a wurin da iyaye suka kai su da sunan gyaran tarbiyya da karatun addini. An sami makamancin haka a wasu garuruwa cikin makonnin da suka biyo baya. Yaron da aka azabtar da sunan addini yana buƙatar jinya ninki biyu, domin an raunata jikinsa, an kuma gurɓata alaƙarsa da allo da masallaci.

Wannan ya ɗora nauyi a kan cibiyoyin addini. Limami ne farkon wanda mafi yawan iyalai suke kai wa kuka, don haka ya kamata ya san alamomin raunin rai, ya riƙe sirri, ya kuma tura mutum asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna da Kware da Maiduguri, ba tare da ya fassara kowace firgita da shafar aljanu ba. Hukumomin zakka da waƙafi suna da damar ɗaukar nauyin jinya da jari, domin wanda azaba ta kashe wa sana'a ya shiga sahun mabuƙata. Tsangayoyin shari'a kuma suna iya haɗa babin jinayoyi da ilimin shaidar likita a cikin manhajarsu.

Kammalawa

An ga cewa Sira ta tanadi yadda ake karɓar wanda ya tsira, fiƙihu ya tanadi lamunin raunin bayyane da na ɓoye, cibiyoyin zamani kuma sun tanadi hanyoyin jinya da na kafa hujja. Abin da ya rage shi ne haɗa waɗannan a wuri guda, ta yadda wanda ya fito daga hannun azzalumi zai sami mai sauraronsa, da mai jinyarsa, da mai tsaya masa a gaban alƙali. Allah ne Mafi sani.